William Herschel

Frederick William Herschel (an haife shi ranar 15 ga Nuwamba, 1738, ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1822) masanin ilimin falaki ne kuma makaɗi, haifaffen ƙasar Jamus wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa a Ingila. An fi saninsa da gano duniyar Uranus a shekarar 1781, wadda ita ce duniya ta farko da aka gano da na'urar hangen nesa. Shi ne kuma ya fara gano cewa a cikin hasken rana akwai wani haske da idon mutum ba ya gani. Da hannunsa ya riƙa ƙera madubai da na'urorin da yake aiki da su, kuma a zamaninsa babu wanda yake da irinsu wajen girma da inganci. Tare da ƙanwarsa Caroline Herschel ya tattara jerin abubuwa kusan 2,500 da ke can cikin sararin samaniya, waɗanda yawancinsu ba a san da su ba kafin shi.

Farkon rayuwa

An haifi Herschel a birnin Hanover, kuma sunan da aka raɗa masa shi ne Friedrich Wilhelm. Mahaifinsa Isaak Herschel mabushi ne a ƙungiyar kiɗa ta sojojin Hanover, yana busa obo, wata irin algaita ta Turawa. Sunan mahaifiyarsa Anna Ilse Moritzen. Su goma aka haifa a gidan, shida suka rayu har suka girma. A wancan lokaci Hanover ƙasa ce mai zaman kanta, amma sarkinta shi ne kuma sarkin Birtaniya, wato George na Biyu, don haka akwai zirga-zirga sosai tsakanin ƙasashen biyu.

Wilhelm ya gaji sana'ar mahaifinsa, ya shiga ƙungiyar kiɗan sojoji yana ɗan shekara 14. A shekarar 1756 aka tura rundunarsu Ingila na wasu watanni, a can ya fara koyon Turanci. Bayan sun koma gida yaƙi ya tsananta, sojojin Faransa suka ci na Hanover a Hastenbeck a watan Yulin 1757. Ganin haka ya sa mahaifinsa ya ba shi shawarar ya bar ƙasar. Shi da wansa Jacob suka isa Landan a ƙarshen wannan shekara, ba su da wani abin kirki a aljihu.

Sana'ar kiɗa

Aikinsa na farko a Landan shi ne kwafar takardun kiɗa. Daga nan ya nufi arewacin Ingila, ya yi aiki da ƙungiyar kiɗan dakarun Durham, ya kuma koyar a garuruwa irin su Newcastle da Leeds da Halifax. Ya iya obo da biyolin da ogan, babban kayan kiɗan nan mai bututu da ake kaɗawa a coci. Ya tsara manyan kiɗe-kiɗe na taron makaɗa guda 24, ban da ƙanana masu yawa. A shekarar 1766 ya samu aikin kaɗa ogan a cocin Octagon da ke Bath, garin da masu hannu da shuni ke zuwa hutu saboda ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a wurin. A Bath ya samu ɗalibai da suna da rufin asiri.

A shekarar 1772 ya koma Hanover ya ɗauko ƙanwarsa Caroline, wadda aka haifa a 1750. Zazzaɓin da ta yi tana ƙarama ya hana ta girma sosai, mahaifiyarsu kuma ta riƙe ta tana aikin gida. Sai da William ya yi alkawarin biyan kuɗin ɗaukar mai aiki kafin a bar ta ta tafi. Ta zo Bath ne don ta koyi waƙa, kuma ta rera a tarukan da yayanta ke shiryawa.

Daga kiɗa zuwa madubi

Littafi ne ya karkatar da shi. Yana nazarin lissafin da ke cikin amon kiɗa sai ya karanta littafin wani malamin Jami'ar Cambridge mai suna Robert Smith a kan wannan fanni. Da ya gama sai ya nemi wani littafin Smith ɗin, wanda ke bayani kan haske da yadda ake ƙera na'urar hangen nesa, ya haɗa da littafin James Ferguson kan ilimin falaki. A lokacin yana da kusan shekara 35, kuma bai taɓa shiga jami'a ba.

Na'urorin hangen nesa iri biyu ne a zamanin. Ta farko, irin wadda Galileo ya yi amfani da ita a 1609, tana da gilashin tabarau a baki, wanda ke lanƙwasa hasken da ya ratsa shi ya tara shi wuri guda. Matsalarta ita ce farin haske haɗakar launuka ne, kuma gilashi ba ya lanƙwasa su daidai da juna. Shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa, don haka sai a ga tauraro da zoben launuka a gefensa. Ga shi kuma samun babban gilashi marar aibi abu ne mai wuya. Ta biyu ita ce wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668, mai madubi mai zurfi kamar kwano a can ƙasan bututu. Madubi yana mayar da haske ne ba tare da hasken ya ratsa shi ba, saboda haka duk launukan suna taruwa wuri ɗaya. Sai dai madubin Newton bai kai inci biyu ba.

Abin da Herschel ya fahimta, wanda ya zama ginshiƙin aikinsa gaba ɗaya, shi ne cewa babban amfanin na'urar hangen nesa tara haske ne, ƙara girman abu yana biyo baya. Lamarin kamar tarar ruwan sama ne: wanda ya kafa baho ya fi wanda ya kafa kofi samu. Idan aka ninka faɗin madubi sau biyu, hasken da zai tara zai ninka sau huɗu. Ƙofar da haske ke shiga a idon mutum ba ta wuce kusan milimita 7 ba ko a cikin duhu, don haka madubi mai faɗin rabin mita yana tara hasken da ya ninka na ido sau dubbai. Da irin wannan madubi ne ake ganin taurarin da suka yi dishi-dishi saboda nisa.

Da ya ga babu babban madubi na sayarwa da zai iya biya, sai ya fara ƙera nasa a 1773. A lokacin ba a iya shafa azurfa a kan gilashi don wannan aiki ba, sai a shekarun 1850 aka samu dabarar. Madubin ƙarfe ake yi, daga haɗin jan ƙarfe da kuza, kusan kashi biyu na jan ƙarfe da kashi ɗaya na kuza. Ana narka su a zuba a mazubi, idan ya huce a wasa shi har ya yi zurfin da ake so, sannan a goge shi har ya yi sheƙi. Ƙarfen yana da saurin tsagewa, kuma ƙaramin kuskure a wajen guga yana ɓata siffar madubin. Gidansu na Bath ya koma maƙera. Ana yin mazubin da busasshen kashin doki, wanda Caroline ke taya dakawa da tankaɗewa. Ɗan'uwansu Alexander, wanda ke da hannu a aikin ƙira, yana yin bututu da sauran sassa. Akwai ranar da William ya yi sa'a 16 yana guga bai ɗaga hannu ba, don yana ganin idan ya tsaya aikin zai lalace, sai Caroline ce ke saka masa abinci a baki. A watan Agustan 1781 suka yi yunƙurin zuba wani babban madubi a ɗakin ƙasa, murhun ya fashe, narkakken ƙarfe ya malale, duwatsun daɓen suka riƙa fashewa, kowa ya yi ta kansa.

Ya fara rubuta abin da yake gani a littafinsa a watan Maris na 1774, inda ya soma da zoben duniyar Zuhal, wadda Turawa ke kira Saturn.

Gano Uranus

A daren 13 ga Maris, 1781, yana bayan gidansa mai lamba 19 a titin New King a Bath, yana bin taurari ɗaya bayan ɗaya da wata na'ura mai tsawon ƙafa 7 da madubi mai faɗin inci 6.2. Taurari masu zama biyu-biyu yake nema. Sai ya ga wani abu da bai yi kama da sauran ba. Tauraro na gaske, saboda tsananin nisansa, ɗigo yake zama komai ƙarfin na'ura. Wannan kuwa da ya ƙara ƙarfin na'urar sai ya ƙara faɗi, ya zama ɗan faifai. Bayan kwana huɗu ya sake dubawa ya tarar ya gusa daga inda yake.

Herschel ya ɗauka tauraro mai wutsiya ne, kuma haka ya sanar. Nevil Maskelyne, babban masanin falaki na masarautar Birtaniya, ya yi zargin duniya ce tun da wuri, sannan lissafin Anders Lexell a Rasha ya nuna cewa abin yana zagaya rana ne a kan hanya mai kama da da'ira, can bayan Zuhal. Wasu masana sun taɓa ganinta a baya, kamar John Flamsteed a 1690, amma duk sun rubuta ta a matsayin tauraro. Ingancin madubin Herschel ne ya nuna bambancin.

Tun zamanin da, duniyoyi biyar ne mutane ke gani da ido, kuma kowace al'umma mai lura da sama ta ba su suna. Malaman ƙasar Hausa sun karɓi nasu sunayen daga littattafan falaki na Larabci, irin su Mushtari da Zuhal, ga kuma Zara da Bahaushe ke kira matar wata. Uranus ba ta da tsohon suna a kowane harshe, domin babu wanda ya san duniya ce. Nisanta daga rana ya kai ninki 19 na nisan duniyarmu, wato kusan ninki biyu na nisan Zuhal, don haka gano ta ya ninka faɗin abin da aka sani na iyalin rana.

Raɗa mata suna ya jawo ja-in-ja. Herschel ya sa mata Georgium Sidus, da Latin kenan, ma'ana tauraron George, don girmama Sarki George na Uku. Sauran ƙasashen Turai ba su so sunan ba. A Faransa an daɗe ana kiran ta Herschel. Masanin Jamus Johann Bode ne ya kawo shawarar Uranus, daga tatsuniyoyin Girkawa, kuma sai a 1850 hukumomin Birtaniya suka amince da shi baki ɗaya.

A shekarar ta 1781 ƙungiyar masana ta Royal Society ta ba shi lambar yabo ta Copley, ta kuma karɓe shi a matsayin mamba. A 1782 sarki ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, da sharaɗin ya zauna kusa da fadar Windsor ya riƙa nuna wa gidan sarauta sama. Kuɗin bai kai abin da yake samu a kiɗa ba, amma ya karɓa. Ya koma Datchet, daga baya a 1786 ya zauna a Slough har ƙarshen rayuwarsa. Ya riƙa cike giɓin da sayar da na'urori, har da wata mai ƙafa 25 da aka yi wa sarkin Sifaniya.

Sharar sama

A 1783 ya kammala na'ura mai tsawon ƙafa 20 da madubi mai faɗin inci 18.7, kuma da ita ya yi mafi yawan aikinsa mai muhimmanci. Yakan kafa ta tana duban kudu, juyawar duniya tana kawo masa taurari, wani ma'aikaci kuma yana ɗaga bututun sama da ƙasa. Ido yana ɗaukar lokaci kafin ya saba da duhu, ɗan hasken fitila kuma yana ɓata wannan sabo. Saboda haka William ba ya rubutu. Yana kan tsani yana faɗar abin da ya gani da ƙarfi, Caroline tana zaune a bakin taga da agogo da fitila tana rubutawa. Da safe ita ce ke yin lissafin matsayin kowane abu. Aikin yana da haɗari: a daren ƙarshe na 1783 ta zame a kan ƙanƙara, wani ƙugiyan ƙarfe ya soke ta a ƙafa.

Abin da suke farauta shi ne nebula, kalmar Latin mai nufin hazo ko gajimare, wato wasu tabo-tabon haske da ake gani a sama. Jerin da Charles Messier ya yi a Faransa ya ƙunshi ɗari da 'yan kai. Herschel ya wallafa jeri uku, a 1786 da 1789 da 1802, jimilla kusan 2,500. Da farko ya ɗauka dukkansu tarin taurari ne da nisa ya haɗe haskensu. A watan Nuwamba na 1790 ya ga wani tauraro guda da hazo mai haske ya kewaye, sai ya sauya ra'ayi ya yarda cewa wasunsu hazo ne na gaske. A yau an san akwai iri biyun, kuma da yawa daga cikin abin da ya lissafa manyan rukunan taurari ne masu zaman kansu, nesa da namu.

Ya kuma yi ƙoƙarin zana siffar rukunin taurarin da ranarmu ke ciki, wanda ake gani kamar farin zane ya ratsa sama a daren da babu wata. Ya ƙidaya taurari a wurare 683, yana ɗaukar cewa inda suka fi yawa nan ne rukunin ya fi zurfi. A 1785 ya fitar da zane mai kama da faifai, rana na kusa da tsakiya. Siffar faifan daidai ce, amma matsayin rana kuskure ne, domin bai san cewa ƙurar da ke tsakanin taurari tana tare haske ba. Sai a 1918 Harlow Shapley ya nuna cewa rana tana can gefe. Duk da haka, shi ne mutum na farko da ya tunkari tambayar da ƙidaya maimakon hasashe.

Tun a 1783 ya nuna cewa rana kanta tafiya take a cikin sarari. A 1803, bayan ya shafe sama da shekara 20 yana auna taurari masu zama biyu-biyu, ya tabbatar cewa wasunsu zagaya juna suke yi. Wannan ya nuna cewa ƙarfin jan da Newton ya yi bayani yana aiki har a wajen iyalin rana. Ya kuma lura da wani abu mai nauyi: tunda haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, wanda ya hangi nesa yana ganin abin da ya wuce ne. Hasken rana yana ɗaukar kusan minti 8 kafin ya iso mana. A 1802 Herschel ya ƙiyasta cewa hasken abubuwa mafi nisa da ya gani ya yi kusan shekara miliyan biyu a hanya.

Na'ura mai ƙafa 40

Sarki ya ba shi fam 2,000 a 1785, ya ƙara wasu 2,000 a 1787, don ya gina na'urar da ba a taɓa yin irinta ba. An gama ta a 1789. Tsawon bututunta ƙafa 40, faɗin madubinta inci 48, wato kusan santimita 122. A irin ta Newton akwai ƙaramin madubi na biyu da ke karkato da haske zuwa ido, amma madubin ƙarfe yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya sauka a kansa. Sai Herschel ya cire na biyun, ya ɗan karkata babban, ya riƙa tsayawa a bakin bututun yana leƙawa ciki. Da wannan dabara ya riga ya gano watannin Uranus biyu, Titania da Oberon, a watan Janairun 1787 da na'urarsa mai ƙafa 20. A 1789 ya ƙara da watannin Zuhal biyu, Enceladus da Mimas.

Babbar na'urar ta yi suna, baƙi suka riƙa zuwa kallo, amma ba ta yi amfanin da aka sa rai ba. Juya ta sai da ma'aikata, madubin yana saurin dusashewa a damshin Ingila, kuma fitar da shi a sake gogewa babban aiki ne. Ta riƙe matsayin mafi girma a duniya har 1845, lokacin da Lord Rosse ya gina mai madubin inci 72 a Ireland.

Hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1800 yana neman gilashi mai launi da zai kare ido wajen kallon rana, sai ya lura cewa wasu launuka sun fi wasu barin zafi ya wuce. Ya sa hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, ya rabu zuwa launukan bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi a kan kowane launi. Zafin ya riƙa ƙaruwa daga ɓangaren shuɗi zuwa ja. Da ya gusa ma'aunin gaba da ja, inda babu wani haske da ake gani, sai zafin ya ƙara hawa. Ya ci gaba da gwaji ya ga cewa madubi yana mayar da wannan abu, gilashi kuma yana lanƙwasa shi, kamar yadda suke yi wa haske. Daga baya aka sa masa suna infrared, daga kalmar Latin mai nufin ƙasa da, haɗe da kalmar Turanci ta ja, wato hasken da ke ƙasa da ja. Shi ne irin hasken da rimot ɗin talabijin ke aikawa.

Herschel ne kuma ya yaɗa kalmar asteroid a 1802, daga Girkanci, ma'ana mai kama da tauraro, bayan an gano Ceres da Pallas. Ba duk ra'ayoyinsa ne suka tsaya ba. Ya yi imani cewa akwai masu rai a kan wata, har ma a cikin rana, wadda ya ɗauka tana da sanyin ƙasa a ƙarƙashin gajimare mai haske.

Iyali da rasuwa

A ranar 8 ga Mayu, 1788 ya auri Mary Pitt, wadda mijinta na farko ya rasu. Ɗansu guda, John Herschel, an haife shi a 1792. Auren ya sa Caroline ta bar riƙon gidan, amma ta ci gaba da aiki da yayanta. Ita ma ta gano taurari masu wutsiya guda takwas, na farko a 1786, kuma daga 1787 sarki ya yanka mata fam 50 a shekara. William ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1793, aka ba shi lambar girma ta masarauta a 1816, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar masana falaki da aka kafa a Landan a 1820.

Ya rasu a gidansa na Slough yana da shekara 83, aka binne shi a cocin St Laurence da ke Upton. Caroline ta koma Hanover, ta rasu a 1848 tana da shekara 97. John ya ɗauki na'ura mai ƙafa 20 zuwa Afirka ta Kudu, inda daga 1834 zuwa 1838 ya yi wa saman kudu irin sharar da mahaifinsa ya yi wa na arewa. A kan aikin iyalin ne John Dreyer ya gina babban jerin da ya wallafa a 1888, wanda har yanzu masana ke kiran abubuwan sama da lambobinsa.

Tunawa da shi

Gidan titin New King ya zama gidan tarihi. Akwai na'ura mai madubin mita 4.2 a tsibirin La Palma na ƙasar Sifaniya da ke ɗauke da sunansa, haka ma babban ramin da ke jikin watan Mimas. A ranar 14 ga Mayu, 2009 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba na'urar Herschel mai madubin mita 3.5, wadda aka ƙera don kallon sama da hasken da ya gano a 1800, domin wannan haske yana iya ratsa ƙurar da ke ɓoye wuraren da sababbin taurari ke samuwa. Ta yi aiki har zuwa watan Afrilun 2013, lokacin da sinadarin da ke sanyaya ta ya ƙare.